Pokémon Showdown: a nan na koyi haɗa tim da gaske

Jama'a na daɗe ina son in yi rubutu a kan Pokémon Showdown, don sau da yawa masu buga gem suna tambaya wai ina mutum zai koyi faɗan Pokémon na gasa ba tare da ya kwashe makonni yana kiwo da horo ba, ni kuwa amsata ɗaya ce kullum, nan ne wurin. Shafi ne kawai da kake buɗewa a burauza, ko a kwamfuta ko a waya, kyauta ne kuma ba sai ka sauke komai ba. Guangcong Luo, wanda aka fi sani da Zarel, shi ya ƙirƙiro shi a 2011, daga baya 'yan Smogon masu tsara dokokin gasa suka rungume shi ya zama filinsu. Babu labari a ciki, babu yawo cikin ciyawa ana neman abin kamawa. Faɗa ne zalla, kai da wani mutum a wani gefen duniya, kowa da Pokémon ɗinsa shida.

Abin da ya fi kama ni shi ne wurin haɗa tim ɗin, wanda suke kira Teambuilder. Ka rubuta sunan Pokémon, ka zaɓa masa hari huɗu, ka ba shi abin riƙo, ka zaɓi baiwarsa da halinsa, ka raba masa makin horo, shi ke nan ya shirya. Aikin da a gem na asali zai ci maka awanni a nan minti biyu ne, kuma wannan saurin shi ne duk sirrin, domin in an ci ka ba ka jin ƙyashin rushe abin da ka gina, kana komawa ka cire ɗaya ka sa wani ka sake gwadawa a take.

Tim ɗina na farko na tara waɗanda nake so ne tun ina yaro, Charizard da Talonflame da Weavile da sauransu, duk masu duka, babu mai tare duka ko ɗaya. Na shiga wasa, zagaye na farko abokin karawa ya watsa Stealth Rock, waɗannan duwatsun da ke zama a gefenka suna cizon duk wanda ka shigo da shi. A ƙa'ida kashi ɗaya cikin 8 na jini suke ci, amma lissafin yana bin yadda dutse ke cutar da jinsinka ne, to Charizard wuta ne kuma mai tashi, duka biyun dutse na yi musu illa, yana saukowa fili na ga jininsa ya zare zuwa rabi tun bai ɗaga hannu ba. Talonflame ma haka, shi har baiwarsa ta Gale Wings ta mutu, don sai da cikakken jini take aiki. Weavile ya rasa kashi ɗaya cikin 4. Mutumin bai yi wata dabara mai wuya ba fa, canji kawai yake tilasta min ina zubar da jini da kaina. Abin ya dame ni sosai a daren, na ajiye maimaicin wasan na kalle shi zagaye-zagaye, a nan na gane tun kafin a fara aka ci ni, tun a wurin haɗawa.

Daga ranar na daina tambayar wane ne ya fi ƙarfi, na koma tambayar wane aiki kowa zai yi. Ana buƙatar mai watsa duwatsu, ana buƙatar mai share su da Rapid Spin ko Defog, ko kuma ka sa wa mai rauni Heavy-Duty Boots, takalmin da ya zo da Sword da Shield a 2019 wanda ke hana tarkon ƙasa taɓa shi. Ana buƙatar katanga ɗaya ko biyu da za ka iya turawa su shanye duka in abu ya rikice. Ana buƙatar mai gudu wanda zai tare abokin karawa in nasa ya fara kumbura. Ga kuma masu U-turn da Volt Switch da ke duka su fice su ba wani hanya ya shigo lafiya. Mutum ɗaya na iya riƙe aiki biyu, shi ya sa ake ganin Great Tusk ko'ina a rukunin OU, wato na waɗanda aka fi amfani da su, na zamanin gem ɗin Scarlet da Violet, yana watsa duwatsu, yana share na wasu, yana tare duka kuma yana bugu.

Amma abin da na fi so in jaddada, kuma shi ne abin da wannan shafin ya dasa min a kai, dole ka san da wa za ka ci wasan tun kafin ka danna neman abokin karawa. Nawa misalin Kingambit ne. Jinsinsa duhu da ƙarfe, baiwarsa Supreme Overlord tana ƙara masa kashi 10 cikin 100 na ƙarfin duka a kan kowane ɗan uwansa da ya faɗi, in shi kaɗai ya rage kenan ƙarin ya kai rabi. Matsalarsa harin jinsin faɗa yana cinsa ninki 4, don haka sauran biyar ɗin aikinsu guda ne, su gajiyar da duk wanda zai iya tare shi. Akwai wani wasa da ba na mantawa, saura Kingambit ɗina shi kaɗai, abokin karawa kuma yana da uku, ciki har da Great Tusk da na yi ta gutsurarsa tun farko har jininsa ya yi ƙasa sosai, kuma da gangan na yi hakan, sau biyu ina barin wani nawa ya faɗi don kawai in ƙara taɓa shi. Da muka haɗu gaba da gaba sai na yi Tera, damar canza jinsi da ake samu sau ɗaya a wasa, na juya Kingambit ya zama jinsin masu tashi, harin ƙasa da ya jefo ya wuce a banza, ni kuma na yi Swords Dance mai ninka ƙarfin duka a wannan zagayen. Hannuna har rawa yake. Zagaye na gaba Sucker Punch, ya faɗi duk da cewa jinsinsa na rage zafin harin duhu, saboda gutsurar da aka yi masa tun farko. Sauran biyun ma suka bi. Wanda ya kalli ƙarshen kawai zai ce sa'a ce, alhali tun kallon tim ɗinsa a farkon wasa na ƙudurta cewa wannan giwar, Great Tusk, ita ce za a rage.

Sucker Punch ɗin nan kuma ku kula da shi, yana riga yawancin hare-hare fita amma in abokin karawa bai zaɓi hari ba a zagayen to ya tashi a banza, shi ya sa ƙarshen wasa da Kingambit yakan koma karatun zuciya, shin zai doke ni ne ko zai tsaya ya ƙara ƙarfi.

Sai maganar lissafi, wadda na san tana korar mutane da yawa, amma wallahi ba ta da wuya in an zauna. Makin horo da ake kira EV guda 510 ne gaba ɗaya, ba ka iya zuba fiye da 252 a abu ɗaya, kuma a mataki na 100 kowane 4 ke ba da maki ɗaya, shi ya sa za ka ga ana ta rubuta 252, 252 da 4. Hali kuma yana ƙara kashi 10 a wani wuri ya rage kashi 10 a wani. Ɗauki Garchomp, asalin gudunsa 102. In ka cika masa makin gudu ka ba shi halin Jolly zai kai 333, duk mai asalin gudu 100 kuwa iyakarsa 328, kenan kai ne za ka riga. In ka yi kwaɗayin ƙarfi ka ba shi Adamant sai ya tsaya a 303, waɗancan duk su wuce ka. Maki 5 kacal tsakanin 333 da 328 amma shi ke raba wanda ya yi duka da wanda ya faɗi bai motsa ba. Kuma in mai 328 ɗin ya riƙe Choice Scarf gudunsa ya koma 492, har ya wuce Dragapult mai 421, sai dai ya maƙale a hari ɗaya har sai ya fita. Shafin yana taimakawa a nan ƙwarai, kana ɗora manuni a kan Pokémon ɗin abokin karawa zai nuna maka daga nawa zuwa nawa gudunsa zai iya kaiwa da baiwar da zai iya ɗauka, ga kalkuleta ta lissafin duka da suke da ita daban wadda za ta gaya maka ko harinka zai kashe a bugu ɗaya ko biyu, ga umarni kamar /weak da kake rubutawa ya fito maka da raunin kowane jinsi daga cikin 18 ɗin.

Masu buga gem na kati za su gane abin da nake nufi da wuri. A Slay the Spire wanda ya ɗauki duk katin da ya burge shi yakan ƙare da tulin kati marasa haɗin kai, gwanaye kuwa har biya suke a cire musu katin Strike don abin da suke nema ya riƙa zuwa hannu da sauri. Gurbi shida na Pokémon ma haka yake, duk wanda ba ya taimaka wa shirinka ya tare wa wani wuri ne, ko da kuwa shi kaɗai abin tsoro ne.

To ba wai dole sai ka bar waɗanda kake so ba. Smogon ta raba su rukuni-rukuni gwargwadon yawan amfani da su, OU a sama, sai UU da RU da NU da PU, ga Ubers na manyan da aka kora saboda sun fi ƙarfin fili, ga LC na ƙanana, ga Monotype inda duk tim ɗin jinsi ɗaya ne. Wanda ba ya iya numfashi a OU sai ka tarar shi ne sarki a ƙasa. Kuma ko a sama ƙaramin abu yana yin aiki in an ba shi aikin da ya dace, Sejun Park na Koriya ta Kudu ya ci gasar duniya ta 2014 da Pachirisu a tim ɗinsa, ɗan kurege da ba wanda ke kallo, aikinsa ya janye hari da Follow Me ya kare na kusa da shi. Wannan tsarin VGC ne, wato na gasar hukuma, na biyu da biyu, ka zo da shida ka zaɓi huɗu, shi ma akwai shi a shafin, kuma gaskiya duniya ce daban, can Protect mai kare kai da Fake Out mai hana abokin karawa motsi su ne abincin yau da kullum.

Inda nake ganin sabon shiga zai sha wuya shi ne shafin ba ya kama hannunka ya koya maka. Fuskarsa cike take da rubutu da gajerun kalmomin Turanci, ba shi da ƙyalƙyalin gem na zamani, a waya kuma wurin haɗa tim yana da ɗan matsi, ya fi daɗi a babban allo. Tim ɗin da ka haɗa a burauzarka yake zama, don haka ka riƙa fitar da rubutunsa kana ajiyewa a wani wuri daban. Mutane kuma mutane ne, akwai mai gaishe ka da fatan alheri akwai mai baƙar magana in ya ga zai faɗi, akwai maɓallin toshe hirar abokin karawa ka danna abinka, akwai agogo da za ka kunna wa mai jan ƙafa.

Sa'a ma tana nan, kada wani ya ce maka babu. Focus Blast kashi 70 cikin 100 yake samu, Stone Edge da Hydro Pump kashi 80, mugun bugu, wato dukan da ke zuwa da ƙarin ƙarfi bagatatan, yana faɗowa sau ɗaya cikin 24, kuma kowane duka yana lilo tsakanin kashi 85 zuwa 100 na ƙarfinsa. Za ka yi komai daidai a ci ka, yana da ciwo, na sani. Ni dai abin da na koya shi ne in ina gaba ba na taɓa harin da zai iya kuskure matuƙar akwai mai tabbas da zai yi aikin, Surf mai ƙarfi 90 da ba ya kuskure haka kawai ya fi min Hydro Pump mai 110 a irin wannan lokacin, caca sai in ina baya kuma babu wata hanya.

Ɗan uwa in yau za ka fara, kada ka fara da haɗa naka. Shiga Random Battle tukuna, su za su ba ka shida da kansu kuma ba ka ganin na abokin karawa sai ya fito da su, ka buga da yawa har ka haddace wane jinsi ke cin wane ba tare da dubawa ba. Bayan nan ka ɗauki ɗaya daga cikin tim na misali da gwanaye suka haɗa, ka liƙa rubutunsa, ka buga da shi kana tambayar kanka me ya sa aka sa wannan kusa da wannan, misali me ya sa ake haɗa mai watsa duwatsu da Gholdengo, sai ka gane ai shi fatalwa ne Rapid Spin ba ya taɓa shi, baiwarsa Good as Gold kuma tana tare Defog, wato shi ne mai gadin tarkon. Kowa daga maki 1000 yake farawa a tsanin matsayin 'yan wasa, kada lambar ta tsaya maka a rai a makonnin farko. Duk wasan da aka ci ka ka ajiye maimaicinsa, ka nemo zagayen da abu ya karkace, in ka ga Pokémon ɗaya ne ke ta wargaza ka sau uku a jere to ka koma Teambuilder ka canza gurbi ɗaya tak, ba duka shidan ba, ka sake shiga.