Inda mutanen Hamburg ke kai mataccen batir da tsohuwar talabijin

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da iyali, da su Inna da dukan mutanen gida. Ka tambaye ni ko gaskiya ne abin da ake faɗa cewa a Jamus ana tsintar talabijin da firji a bakin titi, har ka ce ko zan riƙa tara maka a cika kwantena. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Ana ganin kaya a ƙofar gidaje jefi-jefi, littattafai ko kwanuka ko kujera, an manna takarda cewa mai so ya ɗauka. Amma kayan lantarki hukuncinsu daban ne. Ka juya bayan cajar wayarka, za ka ga hoton kwandon shara mai taya an ja masa layi biyu a giciye. Ma'anarsa a nan ita ce doka ta hana a jefa wannan abu cikin sharar gida. Tun watan Maris na 2006 aka wajabta wa hukumomin birane su karɓi irin waɗannan kaya daga hannun jama'a kyauta, kamfanonin da suka ƙera su kuma su ɗauki nauyin sarrafa su.

A gidan da nake haya durom huɗu ne a tsakar gida: baƙi na shara gama-gari, shuɗi na takarda da kwali, rawaya na roba da gwangwani, kore na ragowar abinci da ganye. Kwalba tana da nata akwatunan a bakin titi. Wannan kowa ya san shi cikin makon farko. Abin da ya fi jan hankalina shi ne kayan da babu durom ɗinsu a gida sam, wato masu guba da masu kama wuta.

Hukumar tsaftar birnin tana da filaye 12 da ake kira Recyclinghof, a warwatse a sassan gari yadda kowace unguwa ke da na kusa da ita. Kana shiga, ma'aikaci mai kaya ruwan lemo zai tare ka ya tambayi abin da ka kawo, sannan ya nuna maka inda za ka dosa. Firji yana da wurinsa, talabijin da allon kwamfuta suna da nasu, ƙananan kaya irin su dutsen guga da na'urar aski da tsohuwar waya suna da nasu, dogon ƙwan lantarki ma akwai akwatin da ake jera shi a hankali don kada ya fashe. Duk wannan ba a karɓar ko sisi daga mai gida. Sai kuma wani ɗaki a gefe na kayan guba: ragowar fenti, maganin ƙwari, maganin ɓera, ruwan batir, sinadarin wanke masai, gwangwanin feshin da bai ƙare ba. Nan ba kai za ka ajiye da hannunka ba. Ma'aikacin ne zai karɓa da safar hannu, ya karanta abin da ke jikin mazubin, ya sa kowanne inda ya dace. Abu biyu suke nanatawa: a bar kowane sinadari cikin mazubinsa na asali, kuma kada a juye wani cikin wani, domin akwai waɗanda in sun haɗu suke fitar da iskar da ke shaƙe mutum.

Wanda ba shi da mota, ko tsohuwar da ba za ta iya ɗaukar bokitin fenti ta hau bas ba, an yi musu tanadi. Akwai motar hukuma da ke zagaya unguwanni, ta tsaya a kasuwa ko wani dandali na 'yan sa'o'i, ana sanar da ranar da wurin tun da wuri. Mutane su fito da ledojinsu su miƙa. Wannan motar ita ta fi burge ni a duk tsarin, Yaya, don ta nuna an yi tunanin mai ƙaramin ƙarfi. Mutum ba ya ƙin yin abin kirki in an kawo masa shi kusa.

Shaguna ma an ɗora musu nasu. Duk shagon da ke sayar da batir dole ya karɓi matacce, shi ya sa kusa da ƙofar kusan kowane kanti za ka ga ɗan akwati ana zuba su. Daga watan Yulin 2022 manyan kantunan abinci, waɗanda faɗinsu ya kai murabba'in mita 800 kuma suke sayar da kayan lantarki lokaci-lokaci, dole su karɓi ƙaramin abin da bai wuce santimita 25 ba, ko da ba a wurinsu ka saya ba, ko da ba ka sayi komai ba ranar. Babban abu kamar injin wanki kuwa, in ka sayi sabo a babban shago, su za su tafi da tsohon. Batirin mota shi ne aka fi tsanantawa: in ka je saye ba ka kawo tsohon ba, za a ƙara maka Yuro 7.50 a kan kuɗin, sai ranar da ka kawo shi a mayar maka, kamar dai yadda a da mai kanti ba ya ba ka lemo ka tafi da shi sai ka ajiye kuɗin kwalba. Haka baƙin mai: wanda ya sayar maka da man inji dole ya karɓi tsohon daidai yawan da ka saya, don haka ake adana rasit.

Ba son wahalar da mutane ya sa suka yi haka ba. Batirin waya da na kwamfuta, in motar shara ta matse shi, wuta yake kamawa, kuma gobarar motocin shara da wuraren tace shara ta zama ruwan dare a ƙasar nan saboda shi. Dogon ƙwai da ƙwan nan mai murɗe-murɗe akwai zaiba a cikinsu, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Tsohon firji yana da iskar gas da ake zuƙewa da na'ura kafin a farfasa shi. Batirin mota kuwa dalma ce da ruwa mai ƙuna. Mu ba sai an yi mana bayanin dalma ba. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda ƙurar dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalmar da ke cikin batirin sola na ɗakinka ita ce dai wannan dalmar.

Kada ka ɗauka komai nasu ya fi namu. A wajen gyara mun yi musu nisa. A nan in allon waya ya fashe ko firji ya daina sanyi, kuɗin mai gyara kan kusa kai kuɗin sabo, sai mutum ya yar ya sayi wani. Na ga kaya a filin nan da na tabbata yaro ɗaya mai gyara a Farm Centre ko titin Beirut a Kano zai tayar da su kafin la'asar, abin ya dame ni ƙwarai. Suna ƙoƙarin gyara wannan: hukumar tsaftar tana da kantin kayan hannu mai suna Stilbruch inda ake sayar da masu sauran amfani da araha, kuma a wasu unguwanni masu sa kai kan taru a ƙarshen mako su duba wa mutane rediyo ko fitila kyauta, al'adar da ta faro daga Amsterdam a 2009. Amma wannan kaɗan ne. Kuma duk da filaye da motoci da akwatunan nan, Tarayyar Turai ta sa musu ma'aunin tattara kashi 65 cikin 100 na kayan lantarkin da ake sayarwa, har yanzu Jamus ba ta kai ko kashi 50 ba. Wasu na kwance a aljihun tebur, wasu na shiga baƙin durom a ɓoye, wasu kuma suna hawa jirgin ruwa.

Nan ne maganar kwantenarka ta shigo. A Hamburg akwai wani titi, Billstrasse, da ya yi suna wajen cinikin tsofaffin firji da talabijin da injin wanki da ake lodawa zuwa Afirka ta Yamma. A watan Afrilun 2023 wata babbar gobara ta tashi a rumbunan ajiya na titin, hayaƙin ya rufe wani sashe na gari. Wani bincike da jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shiga Najeriya a shekara, mafi yawansu daga Turai, Jamus na cikin na gaba-gaba, yawanci an cusa su cikin motocin tokumbo. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki tun daga tushe. Wato shara ce aka biya mata kuɗin jirgi. Daga kasuwar Alaba ta Legas take bazuwa, abin da ya ƙi gyaruwa a fasa a cire tagulla, sauran a cinna masa wuta. Ka san labarin Agbogbloshie a Accra, inda samarin arewacin Ghana, da Hausawa a cikinsu, suka yi shekaru suna ƙona wayoyin lantarki suna shaƙar baƙin hayaƙi kafin a rushe wurin a 2021. Tun 1988, lokacin da aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu, muka san wannan ciwo, kuma yana cikin abin da ya jawo yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta taƙaita tura shara mai guba zuwa wata ƙasa.

Tun 2015 dokar Jamus ta ce mai fitar da kayan lantarki na hannu shi zai nuna shaidar cewa an gwada su suna aiki. Saboda haka ba zan tara maka na yasarwa ba, Yaya, ka yi haƙuri. In kana son wannan kasuwanci, za mu sayi masu aiki, a gwada kowanne a gabana, a samu takardarsa. Ribar za ta ragu, amma ba za ka sayar wa maƙwabcinka firjin da zai mutu bayan wata biyu ba.

Da na zauna na auna, sai na ga aikin da hukuma ke yi a nan da motoci da ma'aikata, 'yan gwangwan da 'yan jari-bola ne ke yin rabinsa a gida, su zo har ƙofa, su ma biya ka. Duk abin da ke da ƙarfe ko tagulla ko alminiyam ba ya kwana a bola a Kano. Wannan abin a yaba ne, kuma mutanen nan sun cancanci a girmama su fiye da yadda ake yi. Inda muke da rauni shi ne abin da ba shi da kasuwa amma yana da guba: batirin tocila, fasasshen ƙwai, kwalbar fiya-fiya, jarkar maganin feshi, ragowar magungunan asibiti. Babu mai saye, babu wurin kaiwa, sai su tafi bola, a cinna wuta da magariba, yara na wasa a gefe, awaki na kiwo, damina ta zo ta wanke tokar zuwa kududdufi da rijiya. A nan tsohon magani cikin baƙin durom ake sa shi, domin tun 2005 ba a binne ɗanyar shara a Jamus, ƙonawa ake a masana'anta mai tace hayaƙi. A gida ba haka ba ne, hannun yaro ne zai fara isa gare shi.

Don haka ina roƙon ka wasu abubuwa da ba sa buƙatar jiran kowa. Batiran solar gidanmu in sun mutu, a mayar wa dillalin da ke sayar da su a cike yadda suke, a yi musaya; kada a bar wani ya fasa su a soro ko ya zubar da ruwansu a kwata. Jarkar maganin feshin gona kada a sake zuba mata ruwan sha ko man gyaɗa komai wankin da aka yi mata. A ɗauraye ta sau uku, a juye ɗaurayar cikin tankin feshi, a huda gindinta. Ƙananan batira a tara su a gwangwani mai murfi a saman kabad. Baƙin man janareto a zuba a jarka a kai wa bakanike. In ƙwai mai zaiba ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe tagogi, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma.

Akwai kuma abin da nake so ka gabatar a taron unguwa gaban Mai Unguwa: a samu durom ɗaya mai murfi da kwaɗo a ajiye a shagon cajin waya ko wajen kemis, na matattun batira da ƙwai kawai, sannan ƙungiyar matasa ta rubuta wa hukumar kare muhalli ta tarayya, wato NESREA, wadda aka kafa tun 2007 don irin wannan aiki, a tambaye su wanda ke da lasisin karɓa. Kuɗin durom ɗin da fentin rubutu ni zan aiko, ka dai gaya min nawa ne.

Ka gaida Inna da kyau, ka ce mata maganin ƙafarta yana hanya tare da mai zuwa ƙarshen wata. A gaida Yaya Babba da yara duka. Allah Ya bar zumunci.

Ƙaninka, daga Hamburg.