Na gwada FlatBuffers a wasan darata, ga abin da na gani

Wata huɗu ke nan ina haɗa ɗan wasan dara na waya nan Birnin Kebbi, irin wadda dattawa ke bugawa gindin bishiya bayan la'asar, gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12. Da fari da JSON, wani tsarin aje bayanai a rubuce wanda ido ke iya karantawa, nike aje wasan in mutum ya fita, kuma ba laifi, sai da na ƙara tarihin kowane motsi don a iya komawa baya, nan fa fayil ya kumbura, 'yar wayar ƙanena ta dinga jan ƙafa kafin ta buɗe, kuma irin wayoyin nan ne a hannun mafi yawan mutanenmu.

Shi ne na koma FlatBuffers, laburaren kod na aje bayanai da Google sunka fitar a 2014, dama saboda masu haɗa wasanni anka yi shi. Za ka rubuta tsarin bayananka cikin fayil na .fbs, ka miƙa ma flatc, wato manhajar da ke fassara tsarin, shi kuma ya fiddo maka kod na C++ ko C# ko Java. Wajen karantawa wallahi ya burge ni. Ba sai an warware komai an sake jera shi cikin memori ba, baitocin, wato ɗanyen bayanan, na nan kwance yadda anka aje su, kai dai ka miƙa hannu ka ɗauko motsi na arba'in ba tare da ka taɓa sauran ba. Yanzu wayar yaron kafin ka ce kwabo ta buɗe.

Rubutawa ce ke da ɗan wuya. Daga ciki ake ginowa, dole ka gama jerin motsi da sunayen 'yan wasa tukuna kafin ka fara teburin da zai ɗauke su, wato rukunin bayanan da ke haɗa su wuri guda, na kwana biyu kafin hannuna ya saba. Sannan wata rana na cusa sabon fili, wato gurbin wani bayani, tsakiyar tebur, tsofaffin wasannin da abokaina sunka aje duk sunka rikice, raina ya ɓaci sosai ranar. Ashe sabon fili ƙarshe ake sa shi, wanda ka daina amfani da shi kuma ba a gogewa, alamar deprecated ake sa mai.

Ido ba ya karanta fayil ɗin, amma flatc na maida shi JSON in kana neman kuskure. Saitin sauti da harshe kam na bar su a JSON ɗinsu, layi biyar ne kacal.