Guzzle na PHP: kaya ne mai kyau, amma kai za ka sa mishi timeout da hannunka

'Yan uwa masu rubuta PHP a nan Sakkwato, musamman ku 'yan Danfodiyo masu fama da furojet, ana ta tambayata ko Guzzle, wanga laburaren PHP na jawo bayanai daga wata saba, ya cancanci wahala ko mutum ya ci gaba da file_get_contents ɗinshi. Ni dai na ce ya cancanta, amma da sharaɗi.

Shi file_get_contents daɗi gare shi wallahi, layi guda ka jawo fayil daga wata saba ka wuce abinka. Sai ranar da waccan sabar ta yi gardama, false kawai zai miƙo maka da ɗan gargaɗi, kai ne za ka yi ta tono ko fayil ɗin ne babu ko netwok ne ya yanke. In kuma masu hostin sunka kashe allow_url_fopen a php.ini to ko motsi ba ya yi. Ga shi in ba ka taɓa komai ba jiranshi daƙiƙa 60 ne, ka ɗauka ɗan kasuwa a Illela na son ganin farashin sefa a shafinka, minti guda shina kallon farin allo, ai ya tahi ke nan.

Guzzle kuwa Michael Dowling ne ya fara shi, kyauta ne, a ƙarƙashi kuma cURL, manhajar aikawa da jawo bayanai ta intanet, ne ke mishi aiki, wanga da Daniel Stenberg ɗan Suwidin ke riƙe da shi tun 1998. Masu Laravel, wanga tsarin gina shafuka da PHP, ma Guzzle kuke amfani da shi ko ba ku sani ba, Http ɗinku kan Guzzle anka ɗora shi. Abin da ya fi burge ni shi ne yana faɗa maka irin ciwon, in ba a samu shiga sabar ba ya jefo ConnectException, in 404 ne ko 403 ya ce ClientException, in sabar ce da kanta ta kife da 500 ko 503 ya ce ServerException, kuma wanga bambanci shi ne komai, don 404 ko ka sake nema har gobe babu ne, amma 503 ko yankewar layi ka ɗan jira ka sake bugawa sau da yawa sai ya shiga. Akwai Middleware::retry na wanga aiki, sai dai kai za ka rubuta mishi yaushe zai sake da sau nawa. Sannan ga sink, babban fayil ya zuba shi kai tsaye kan diski maimakon ya cusa shi duka cikin memori har ka fasa 128M ɗin da PHP ke ba ka.

To ga inda nike jin haushinshi. Timeout ɗinshi, iyakar lokacin da zai jira saba, na asali 0 ne, wato ya jira har illa masha Allahu, kamar wanda ya shiga mota a tasha tun ba fasinja ko ɗaya. Kar ka ce max_execution_time na daƙiƙa 30, iyakar lokacin da PHP ke ba kod ɗinka ya yi aiki, zai cece ka, a Linux ba ya lissafa lokacin jiran netwok. Dole ka sa timeout da connect_timeout da kanka, ni nakan ba shi 5 na shiga, 15 na aikin duka.

Sai maganar Composer, wanda da shi ake sauke Guzzle, hostin mai araha galibi ba SSH da za ka shiga sabar ka kunna shi, sai ka haɗa a laftof ka matse fodar vendor ka loda ta cPanel, shafin sarrafa hostin ɗinka. Guzzle 7 kuma ba ya tashi ƙasa da PHP 7.2.5.

Masu XAMPP, wanga da ke maida laftof saba, a Windows za ku iya cin karo da cURL error 60, wato ya kasa tantance satifiket ɗin tsaro na sabar, don Allah kar ku bi shawarar a sa verify ya zama false, wannan buɗe ƙofa ne ga duk mai son shiga tsakaninku da sabar. Ku sauke cacert.pem, fayil ɗin amintattun satifiket, daga shafin curl, ku nuna wa curl.cainfo inda yake a php.ini, ku sake tada Apache.