Sharhi kan motar aro ta gareji: mota lafiyayya, amma ba a ce komai kan mai ba

Wasu manyan gareji a Abuja da Kano sun fara ba abokin hulɗa motar da zai riƙa hawa kafin a gama gyaran tasa. Na yi amfani da irin wannan tsari na kwana uku a wani gareji, kuma motar da suka bayar ita ce Toyota Hilux mai ƙofa huɗu, injin dizal 2.4, wanda ake kira 2GD. Motar ba ta da abin kushe: birki yana ci, tayoyi huɗu iri ɗaya ne, sanyaya ciki tana aiki, takardu sun cika. Inda tsarin ya gaza shi ne wajen miƙa makulli. Babu wanda ya faɗi man da take sha, ba a rubuta a takardar yarjejeniya ba, kuma tambarin da ke cikin murfin tanki ya riga ya ɓare.

Wannan ba ƙaramin sakaci ba ne, musamman a kan Hilux. Mafi yawan waɗanda ke yawo a titunan Najeriya masu injin fetur ne 2.7, wato 2TR, kuma daga waje jikinsu ɗaya da mai dizal. Ma'aikacin gidan mai da ya zuba wa Hilux goma fetur tun safe, hannunsa zai kai ga famfon fetur kafin direba ya buɗe baki. Bakin famfon ma ba zai hana shi ba. Na fetur kaurinsa wajen milimita 21 ne, na dizal kuma wajen 24 zuwa 25, saboda haka na dizal ba ya shiga bakin tankin yawancin motocin fetur, amma na fetur yana shigewa tankin dizal salin alin. Shi ya sa kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba fetur a motar dizal, kuma shi ne ya fi tsada. In kuwa a hannun 'yan bumburutu aka saya, da jarka da mazurari, to ko wannan ɗan kariyar babu ita ta kowane ɓangare.

Da yake garejin bai yi bayani ba, dole mai karɓar mota ya tantance da kansa, kuma minti biyu sun isa. A murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ba tare da tayar da injin ba. Motar dizal tana nuna wata alama mai ruwan ɗorawa kamar waya da aka nannaɗe sau biyu, ta ɗan jima ta mutu. Alamar fulogin ɗumama ɗakin ƙonewa ce, kuma motar fetur ba ta da ita. Daga nan a dubi agogon juyin injin. A dizal jan layi yana farawa ne wajen juyi 4,000 zuwa 4,500 a minti, lambobin kuma, da kowace ke nufin dubu, suna ƙarewa a 5 ko 6. A fetur jan layi sai wajen 5,500 zuwa 6,000 ko sama, lambobin su kai 7 ko 8. A ganina wannan agogon ya fi kowace alama aminci, domin ba ya ɓarewa kuma mai fenti ba ya cire shi. Wanda bai gamsu ba ya ɗaga bonet: injin fetur yana da koyil a jere a kan fulogi, na dizal kuwa bututan ƙarfe ne sirara ke zuwa kan injekta masu fesa mai cikin injin, sannan a Hilux akwai filtar mai da ɗan famfon hannu a samanta, wanda ake dannawa don fitar da iska.

Rubutun jikin mota yana taimakawa, amma yana da tarko. D-4D na Toyota, TDI na Volkswagen, CDI na Mercedes, HDi na Peugeot, CRDi na Hyundai da Kia, duk dizal ne. Sai dai D-4 da D-4S na Toyota fetur ne, GDI fetur ne, TSI ma fetur ne, harafi ɗaya kacal ya raba shi da TDI. Motocin da aka shigo da su daga Turai, waɗanda aka ƙera daga ƙarshen 2018, suna da alama a murfin tanki: da'ira mai E5 ko E10 fetur, murabba'i mai B7 dizal. In aka ga ƙaramin murfi shuɗi kusa da bakin tanki, na AdBlue ne, ruwan rage gubar hayaƙi, motar dizal ce, kuma ba a zuba mai a cikinsa. Launin famfo kuwa kada a dogara da shi ko kaɗan. A Ingila kore fetur ne, a Amurka kore yawanci dizal ne, a nan kuma kowane gidan mai da nasa. Rubutun jikin famfo ake karantawa: PMS fetur, AGO dizal, DPK kananzir. Kalmar gas ma tana rikita mutane, domin wani dizal yake nufi da ita, wani kuma iskar girki. Gara a ce dizal, a fito daga mota, a ga famfon da aka ɗauko.

Dalilin duk wannan taka-tsantsan yana cikin famfon da ke tura mai a injin. Injin dizal na zamani yana matsa mai da ƙarfin da ya kai 1,600 zuwa sama da 2,000 a ma'aunin matsi na bar, kuma maiƙon dizal ɗin kansa ne ke shafe sassan famfon. Fetur ba shi da wannan maiƙo, wanke shi ma yake yi. Ƙarfe ya fara gugar ƙarfe, ɓurɓushi ya bi layi zuwa injekta huɗu, ya dawo tanki ta bututun dawowa. A nan gyara ya tashi daga zubar da mai ya koma sauya famfo, injekta, filta da wanke layi gaba ɗaya. Idan an gano kuskuren a bakin famfo, kada a kunna makulli ma, domin motoci da yawa suna da famfon lantarki da ke fara tura mai da zarar fitilu sun kama. A sa giya a furi, a tura motar gefe, a kira garejin, a ɗauke ta da janwe, a zuƙe tanki, a sauya filta. Tsohuwar dabarar cika tanki da dizal don ya rinjayi fetur ta yi aiki a tsofaffin injinan dizal, ba ta dace da 2GD ba. Dizal a motar fetur ya fi sauƙin ɓarna: fulogi su jiƙe, hayaƙi ya turnuƙe, mota ta mutu, amma in aka nace ana tayarwa sai katalis ɗin salansa, mai tace hayaƙi, ya lalace.

Abu na biyu da bai gamsar ba shi ne ƙa'idar mayar da mai. Takardar ta ce a dawo da mota a inda aka sami allurar agogon mai, allurar kuwa tana tsakanin rabi da kashi uku cikin huɗu. A tanki mai lita 80, wannan tazarar kaɗai wajen lita 20 ce, kuma allura ba ta sauka daidai wa daida. Takan daɗe a sama sannan ta zube da sauri. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kuma dizal dama can ba shi da tallafi, lita biyar ta isa ta jawo cacar baki a teburin karɓar mota. Abin da ya fi adalci shi ne a bayar da tanki cike, a karɓa cike, a tsaya a tsayawar farko ta famfo, a haɗa da rasit mai kwanan wata da yawan lita. Inda ba a yi haka ba, a ɗauki hoton allura da kilomita a gaban ma'aikacinsu, motar tana kan shimfiɗaɗɗen wuri, sannan a yi lissafi da tafiyar da aka yi. Wannan Hilux ɗin ta sha wajen lita 10 a kilomita 100 cikin gari da sanyaya ciki a kunne, wato kilomita 150 lita 15.

Na ba motar maki biyar cikin biyar, miƙa makulli kuma biyu. Zan sake karɓar motar aronsu, amma sai sun rubuta nau'in mai da matakin allura a takardar, mun sa hannu mu biyu, sun kuma manna sabon tambarin DIZAL a cikin murfin tanki da jikin makulli.