Ƙurjin bayan kofato: ɗauri da gari ko wankan ƙafa a kwami?

Alhaji, na ga tambayarka. Ka ce shanunka 14 ne na nono a wajen Kirkisoye ta Yamai, uku suna ɗingishi tun da ruwa ya zauna, kuma ka ga jan gyambo mai wari a fatar bayan kofato. Wani ya ce ka gina kwamin wanke ƙafa, wani ya ce ɗauri, kai kuma ba ka son allurar antibiyotik don kada ka yi kwanaki kana zubar da nono.

Kafin komai, ɗaga ƙafar ka wanke ka duba. In ta kumbura gefe da gefe har saman kofato, tsakanin ƴatsun ya tsage, saniyar ta yi zazzaɓi ta bar cin abinci, ruɓewar ƙafa ce mai shiga nama, kuma wannan sai allura, ka kira likitan dabbobi yau. In akwai ƙuraje a baki da dalalar miyau, ana zargin boru, shi ma na likita ne. Amma in gyambon a fata kawai yake, zagaye, ja mai gurzai-gurzai, sau da yawa a ƙafar baya, babu kumburi, kana taɓawa ta fizge, to shi ne ciwon da ake kira Mortellaro, sunan ɗaya daga likitocin Italiya biyu da suka bayyana shi a 1974. Ƙwayoyin cuta da ake kira Treponema ke jawo shi, kuma laima da kashin shanu suke so. A kansa nake magana.

Ɗauri magani ne na saniyar da ta riga ta kamu. A kayar da ita, a wanke gyambon, a tsane shi sosai, a zuba garin asid salisilik garam 5 zuwa 10 a kan auduga, a manna, a naɗe da bandeji. Garin yana cinye mataccen saman fatar da ƙwayoyin ke ɓuya ƙarƙashinsa. Masu shanun nono a Danmak da Suwidin sun daɗe suna aiki da shi a madadin feshin antibiyotik. Inda mutane ke kuskure shi ne barin ɗaurin. Kwana biyu zuwa uku a kwance shi, domin in ya daɗe yana riƙe danshi, in kuma ya matse yana yanka fata, sai a wayi gari da rauni biyu. Bayan sati biyu a sake dubawa, in bai yi baƙin ɓawo ba a maimaita. Kada a daka asfirin a ce ɗaya ne. Dangi ne, amma ba shi ba ne, a tambayi garin da sunansa a farmasi. Wahalarsa ita ce kayar da saniya, ka san shanun Azawak da ƙarfi, sai da igiya da mutum biyu ko uku.

Kwami kuwa rigakafi ne. Ana narkar da silfat na tagulla, shuɗin garin nan, kashi 2 zuwa 5 cikin 100, shanu su ratsa sau biyu ko uku a sati. Sai ya kai mita 3 tsawo don kowace ƙafa ta nutse sau biyu, zurfin ruwan santimita 10. In faɗinsa santimita 60 ne, lita 180 ke nan, wato kilo 9 na gari a kashi 5. Irin wannan cikawa an yi ta ne don garken shanu 150 ko 200. Ga shanu 14, kuɗi za ka riƙa zubarwa a ƙasa. Kuma gyambon da ya riga ya buɗe ba kasafai yake warkewa da ratsa ruwa kaɗai ba.

Akwai abin da ya fi kuɗin damuna. Tagulla guba ce ga tumaki, rago ɗaya ya sha ruwan kwamin kana iya rasa shi. Tana kashe kifi, ga ku kusa da kogi, in kuma aka riƙa zubawa a garka tana taruwa cikin ƙasa. Wasu na sa formol, wani ruwan kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfin wari, a madadinta. Ban yarda da shi ba: yana ƙona gyambo, tururinsa na cutar da mai aikin, a zafin Yamai kuma abin ya fi muni.

Don haka in ni ne, ɗauri zan yi wa ukun nan, in ɗaga ƙafafun sauran 11 ma in duba, domin wata tana ɗauke da ƙaramin gyambo ba ta fara ɗingishi ba. A ware masu ciwon. A riƙa kwashe taki kullum, a zuba yashi inda suke tsayawa wajen tatsa da bakin wurin shan ruwa, musamman a watan Agusta. Wuƙar gyaran kofato a wanke ta tsakanin saniya da saniya. Wadda ka sayo daga kasuwa kuma, a duba bayan kofatonta kafin ta shiga garke. Maganar kwami ka aje ta sai garken ya yi yawa, ko ka ga ciwon yana dawowa bayan wurin ya bushe.

Allah ya ba su lafiya, Alhaji. Ka turo mana hoton ƙafar ranar da ka kwance ɗaurin.