Kafireta ta hannu ko sabuwa 'yar China?

A garejin masu gyaran babur a Gusau, zaɓi biyu ne. Ta hannu, in asalin Keihin ce ko Mikuni, wato ƙirar kamfanonin Japan, ta fi ƙarko nesa ba kusa ba, amma sai an duba. Zaro silaid, wato abin da ke hawa da sauka cikin kafireta in an murza totur, ka girgiza shi cikin raminsa. In yana lilo ya cinye, iska za ta riƙa shiga, silo ba zai zauna ba. Duba bakin allurar fulot kuma, wato wadda ke tsaida shigar fetur in kafireta ta cika: in ya cinye ya yi zobe, fetur zai dinga ɗiga ta tiyon ƙasa.

Sabuwar ta fi araha, ba datti. Matsalarta jet, wato ɗan ƙarfe mai rami da fetur ke bi, sau da yawa raminsa ya yi faɗi, fulogi ya yi baƙi, mai ya tafi. Ga ɗan acaɓa, gara ta hannu mai lafiyayyen silaid.