Jaket ɗin da za ka saya kafin ka hau Uludag, wanda zai yi maka zamiya kuma ya yi maka yawon gari

Duk shekara da zarar Disamba ta kama sai tambayar nan ta fara yawo tsakanin 'yan'uwanmu ɗalibai da 'yan kasuwa da ke Istanbul, wai za mu je Uludag, dutsen da ke saman birnin Bursa a Turkiyya, mu gwada allon zamiyar nan na kan dusar ƙanƙara da ake ce wa sinobod, daga nan mu sauko Bursa mu zaga gari mu sha hotuna, to wace rigar sanyi ya kamata mutum ya saya? Ni dai amsata ɗaya ce, jaket marar ciko mai hana ruwa, wanda masu shago ke kira shel, sai ka dinga ƙara kaya a cikinsa ko ka rage. Sauran ma zan faɗe su amma gaskiya a wurina ba su kama ƙafarsa ba.

Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne a rana ɗaya yanayi biyu za ka shiga. Ƙololuwar Uludag mita 2,543 ce, wurin otal-otal da ake wasan yana ƙasa da haka amma duk da haka ya kusa mita dubu biyu, ita kuwa Bursa tana can gindin dutsen. Duk mita dubu da ka hau sanyi yana ƙaruwa da wajen digiri shida, to ka ga tsakanin sama da ƙasa akwai tazarar digiri goma ko fiye. Da safe kana sama iska na dukan fuskarka, da la'asar ka shigo motar igiyar nan tasu, teleferik, wadda ke tafiyar kusan kilomita 9 a rataye, ka sauko gari inda wataƙila yayyafi ake yi ba dusa ba. Rigar da ta yi maka daidai a sama idan ba a rage mata komai to a ƙasa gumi za ka yi ta sharɓa, ka shiga gidan cin kebab ɗin Iskandar ka rasa inda za ka sa kanka.

Bari in sallami waɗanda ban yarda da su ba tukuna. Kwat ɗin ulu dogo na 'yan gayu, a Koza Han, tsohuwar kasuwar alharini ta Bursa, zai yi maka kyau a hoto, a kan allo faɗuwa biyu ya jiƙe ya yi nauyi, an gama. Rigar nan mai haɗe da wando gaba ɗaya, tana hana dusa shiga ba musu, amma ka je banɗaki ko alwala da ita ka dawo ka ba ni labari, kuma ba mai yawo da ita cikin gari. Jaket mai siririn ciko na roba, irin wanda shagon kayan wasanni na Decathlon ke sayarwa da sunan Wedze, wannan ba laifi, idan aljihu ya yi ƙasa ka ɗauka ba za ka ji kunya ba, matsalarsa kawai ɗuminsa a manne yake ba ka iya cire shi.

Sai kumburarren jaket mai gashin agwagwa, wanda shi kowa ke so saboda shi ake gani a Instagram. Ɗumi kam yana da shi, musamman idan lambar cikon ta kai 700 ko 800. Amma gashin tsuntsu da ya jiƙe ya tashi daga aiki, dunƙulewa yake yi ya daina riƙe ɗumi, kuma ɗan koyo a kan sinobod rabin wuninsa a zaune yake cikin dusa, ko ya faɗi ta baya ko ya durƙusa ta gaba. Dusar Uludag kuma sau da yawa mai laima ce saboda tekun Marmara na kusa, ba irin busasshiyar Palandoken ta Erzurum ba. Na tsayuwa a sha shayi ne, ba na wasa ba.

To shel fa. Idan ka ɗaga shi a shago za ka raina shi wallahi, ba nauyi ba kauri, ka ce wannan ledar ce za ta tare min sanyi? Ai ba aikinsa ba ne ɗumama ka, aikinsa ya tare ruwa da iska daga waje ya bar tururin jikinka ya fita, ɗumin kayan ciki ne ke kawo shi. A jikin takardarsa za ka ga lambobi biyu. Ta farko ta hana ruwa ce, ana rubuta ta da milimita, 5,000 ko 10,000 ko 20,000. Mai 5,000 na yawon gari ne kawai, 10,000 shi ne mafi ƙarancin da zan yarda ɗan koyo ya saya, idan da hali ka haura 15,000 zuwa 20,000 musamman a wando tunda shi ke shan zama. Lamba ta biyu ta fitar gumi ce, ita ma ka nemi 10,000 zuwa sama. Masu Gore-Tex, sanannen yadin nan mai hana ruwa, galibi ba sa ma damuwa da rubuta lambar, sunan ya wadatar, shi ya sa kuma sunan ya zama abincin 'yan jabu, zan zo kan wannan.

Amma lamba ba ita ce ta fi damuna ba, ɗinki ne. Juya jaket ɗin ciki ya koma waje ka duba layin ɗinki, dole ka ga an bi shi da wani siririn tef an manne da zafi, domin duk inda allura ta huda ƙofa ce ta ruwa. Wasu kafaɗa da hula kawai suke mannewa su bar sauran, wasu ko'ina. Ka nemi na ko'ina. Daga nan ka duba zif a ƙarƙashin hamata, wanda idan ka yi zafi za ka zuge iska ta shiga ba sai ka tuɓe ba, wannan zif ɗin shi ne rabin daɗin shel. Ka duba ɗamarar roba ta ciki wajen ƙugu mai maɓalli, ita ke hana dusa cusowa ta ƙasa idan ka sulale da baya. Hular jikinsa ta zama mai faɗin da za ta hau kan hular kwano. Sai ɗan aljihu a hannun hagu na sa katin hawa kujerar igiya mai kai mutum saman dutse, ka miƙa hannu kawai ƙofa ta buɗe ba sai ka cire safar hannu kana lalube ba.

Kayan ciki kuma kada ka sa auduga a jikin fata, singiletin nan da muka saba da ita tana shan gumi ta riƙe, kana tsayawa a layin hawa sai ta koma sanyi ƙarara a bayanka. Ka sa ta ulun merino ko ta roba mai bushewa da wuri, a kanta suwaita mai laushi, shi kenan. Safa ɗaya doguwa, ba biyu ba, biyu matse ƙafa suke yi jini ya ƙi gudu sanyin ya fi.

Maganar gayu, tunda na san ita ce a ran da yawa. 'Yan sinobod tun asali shigarsu daban da ta masu sandunan zamiya, su sakakkun kaya suke so, jaket ya sauko ya rufe mazaunai, wando mai faɗi, salon ya biyo na 'yan allon taya na titi ne. Kamfanonin kaya irin su Burton da aka kafa a 1977 da Volcom da 686 duk a kan wannan yankan suke. Kuma wannan ya yi mana daidai, mu da ba mu saba da ɗamammun kaya ba, 'yan'uwa mata ma dogon shel mai saukowa cinya da faffaɗan wando ya rufe musu jiki tsaf, a sa hular sanyi mai rufe wuya da kai a ƙarƙashin hular kwano, ba fil ba allura, kada a faɗi ta soki mutum. Shawarata a kala, jaket ya zama mai natsuwa, ruwan ƙasa ko kore mai duhu ko ruwan toka, hayaniyar ka bar wa hula da tabarau. Jaket ruwan lemo mai ƙyalli yana kyau cikin farin dusa, amma ka shiga Ulu Jami da shi, masallacin da Sarki Bayazid na ɗaya ya gina aka gama a 1399, mai ƙubba ashirin da wurin alwala a tsakiyarsa da manyan rubuce-rubucen larabci a bango, za ka ji kanka kamar ɗan kwana-kwana ya shigo sahu. Fari kuma kada ka soma, kujerar hawa da shayi za su gama da shi.

Idan ka sauko gari sai ka cire wandon dusa ka sa jins, ka cire suwaita ka jefa a jaka, shel ɗin ya zama rigar ruwa, ka wuce Koza Han ka zauna a tsakar gidan da ake cinikin alharini tun 1491 ka sha shayi. Takalmi dai ka zo da naka daban mai ƙasan roba mai kama ƙasa kuma mai sauƙin cirewa saboda masallatai, domin ƙauyen Jumalikizik da UNESCO ta sa a jerinta a 2014 hanyoyinsa duwatsu ne ruwa na bi ta tsakiya, takalmin but na sinobod ko kambas mai santsi wahala za ka sha.

Yanzu jabu, kuma a nan zan daɗe don abin ya taɓa cina. Wani mai shago a wani lungu ya taɓa rantse min cewa jaket ɗin da ya miƙo min rarar masana'anta ce, wai na fitarwa waje ne aka samu ragowa, ga tambarin Gore-Tex an ɗinka a hannu ga takarda na lilo. Har ruwa ya ɗiga a kai ya gangare ina kallo. Kafin azahar a kan dutse ruwa ya bi layin kafaɗa ya sauko min har gadon baya, da na juya cikinsa babu tef ko na rantsuwa. Wannan ɗiga ruwan da suke yi a gabanka ba hujja ba ce sam, feshi ne ake yi wa saman yadi, ko wane tsumma aka fesa wa zai gangarar da ruwa na ɗan lokaci, abin da ke hana ruwa na gaskiya shimfiɗa ce a ciki da kuma tef ɗin nan. Kuma labarin rarar masana'anta, duk inda ka ji shi ka riƙe kuɗinka.

The North Face da Moncler da Canada Goose su aka fi kwaikwaya saboda su ake nema. Ka duba rubutun tambarin da kyau, a jabu za ka ga zare ya tsallaka daga harafi zuwa harafi ko haruffan sun karkace. Ka ja zif sama da ƙasa da hannu ɗaya, na kirki irin na kamfanin YKK ba ya cijewa, kodayake shi ma sunan ana buga shi a na bogi, don haka santsin tafiyarsa za ka duba ba rubutun ba. Idan mai ciko ne ka matsa shi a tafin hannu, in ka ji tsinke-tsinke na sukar ka to karan gashi ne aka niƙa aka cusa, ka kuma sansana, wani har ƙarni yake. Takardar wanki ta ciki ka karanta, kuskuren rubutu a nan yake fallasa su. Moncler suna da lamba a jikin rigar da ake tantancewa a shafinsu na intanet, ka gwada tun kana shagon, idan mai shago ya fara cewa ba netwok ka san inda aka dosa. Masu sayarwa ta waya kuma, ka ce a turo maka hoton cikin rigar a juye da na takardar wanki, wanda ya ɗauko hoto a wani wuri ba zai iya ba. Araha ba ta ado, jaket ɗin da ake sayarwa da tsada a shagon kamfanin ba zai zo maka a kashi ɗaya cikin goma ba don mai shago na ƙaunarka. Gara ka sayi Wedze na gaskiya ko gwanjon Burton mai lafiyayyen tef da ka sayi babban suna na ƙarya.

Jabun jaket sanyi kawai zai sa ka ji, na tabarau da hular kwano shi ne mai haɗari. Sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 na hasken rana mai ƙuna zuwa ido, ga tsawo yana ƙara masa ƙarfi, gilashi mai duhu da ba shi da kariyar UV400 ya fi rashinsa illa domin ƙwayar ido buɗewa take a bayan duhun hasken ya shiga da yawa, dare na yi ido ya kama raɗaɗi da hawaye. Hular kwano kuma a nemi mai shaidar EN 1077 daga shagon da aka sani, ita kam ban yarda da gwanjonta ba, wadda ta taɓa shan bugu tana iya fashewa ta ciki waje lafiya lau.

Allo da but kada ka saya a zuwan farko, haya ake bayarwa a sama da kuma cikin gari. Sai dai kafin ka fita da allon ka ɗauki hotonsa gaba da baya da gefuna a gaban mai shagon, saboda akwai masu jiran ka dawo su nuna maka tsohon karce su ce kai ka yi, ka tambayi kuɗin wuni da lokacin mayarwa a rubuta maka, fasfo kuma kada ka bar shi jingina, ka ba da wani katin. But ɗin ka ɗaure ka tsaya ka lanƙwasa gwiwa, idan diddige na ɗagawa a canza maka.

Abin da za ka ƙara saya da kuɗinka bayan shel da wando, safar hannu mai hana ruwa, irin mai haɗe yatsu wuri ɗaya ta fi ɗumi, da abin kare wuyan hannu da ake sawa a ƙarƙashinta, domin ɗan koyo da hannu yake tare ƙasa kuma karayar wuyan hannu na cikin raunin da ya fi yawa a wasan nan. Kafin ka sayi tikitin jirgin ruwa daga Istanbul zuwa Mudanya, tashar ruwa ta kusa da Bursa, ka duba hasashen iska, in lodos ta taso, iskar nan tasu ta kudu maso yamma, ana soke jirage a kuma tsayar da teleferik, sai dai ka hau dutsen da mota.